Sojojin tebur a cikin kwamfuta

Mako uku na shafe ina yi wa ƙananan sojoji guda goma na Warhammer 40,000, wasan yaƙi da ake bugawa a kan tebur, fenti, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan siririn buroshi. Shi ya sa duk wanda aka kashe mini a kan tebur sai na ji zafinsa har cikin raina.

Wannan zafin na nema a Dawn of War, wasan kwamfuta na Warhammer 40,000 da kamfanin Relic ya yi a 2004, ban samu ba. Wasan ya yi kyau, ba musu. Amma babu jiran juyi, yaƙi na ta gudana, soja ya faɗi ka danna a kawo wani. Ba tef ɗin awon inci, ba dayis a tafin hannu, kwamfuta ce ke lissafinta a ɓoye.

Blood Bowl, wasan ƙwallo na tebur mai cike da faɗa da kamfanin Cyanide ya mayar na kwamfuta a 2009, ya fi kwanta mini. Sun bar dokokin tebur kusan yadda suke, kana ganin abin da dayis ya bayar ƙuru-ƙuru. Ɗan wasanka ya faɗi, juyinka ya ƙare nan take. Ran da gwanina ya mutu a fili bayan wasa 12, kashe kwamfutar na yi, na daɗe zaune shiru.