Katin da fitilarsa ke kore shi ya lalata bas ɗin PBX

Har yanzu ina jin takaicin kuɗin da aka zubar kafin a kira ni. Ofishi ne mai PBX, wato na'urar da ke rarraba kiran tarho, da layukan cikin gida sama da hamsin. Kira yana katsewa ana tsakiyar magana, wani lokaci kai ka ji mutum shi bai ji ka ba. Rajistar kurakuran na'urar yau ta nuna rami na 3 cikin ramukan da ake saka katunanta, gobe na 7, jibi katin sarrafawa. Sai aka sayo sabon katin sarrafawa, wanda ya fi kowane kati tsada, aka saka. Babu abin da ya canza.

'Yan'uwa masu wannan sana'a, idan kuskure yana yawo daga rami zuwa rami, ku bar zargin katin da aka ambata, ku nemi abin da suka yi tarayya a kai: wuta, agogon daidaita lokaci, da bas ɗin da ke allon baya, wato jerin wayoyin bayanai da ke kan allon da ake soka duk katunan. Duk katunan kan wayoyi guda suke aika bayanai, kowanne da nasa gurbin lokaci, sau 8000 a daƙiƙa. Ɗaya ya danne waya guda, kowa ya shiga uku, kuma masu lafiya ne ke fara kai ƙara.

Na kwafe saitin na'urar na ajiye, sannan na auna volt 5 a allon baya ana cikin aiki. Yana tsakanin 4.75 da 5.25, don haka na sallami wuta. Da na ɗora osiloskop, na'urar da ke nuna hawa da saukar sigina, kan wayoyin bayanai, bakwai suna hawa da sauka tsaf, ɗaya ta maƙale ƙasa, da kyar take ɗagawa.

Daga nan aikin rabi da rabi ne. Kashe na'urar, ɗaura madaurin hannu mai sauke tartsatsin jiki, musamman da hunturu, zare rabin katunan, kunna. Idan laifin ya tafi, yana cikin waɗanda ka zare. Mayar da rabinsu, sake gwadawa. Kada ka zare kati da wuta a kunne sai littafin na'urar ya yarda da hakan. Da na zare katin layukan waje na analog, wayar nan da ta maƙale ta miƙe ta koma daidai da sauran.

Abin da ya ba ni mamaki, fitilar katin kore ce, kuma ko sau ɗaya bai fito a rajista ba. Na sa mita tsakanin ƙafar bayanan da ƙafar ƙasa, katin na kan tebur: 'yan ohm kaɗan (ohm ma'aunin turjiyar lantarki ne), wato kusan a haɗe suke, alhali sauran ƙafafun suna ba da dubbai. Cip ɗin da ke haɗa katin da bas, irin mai lamba 245, ya ƙone ta ciki. Da mitar da ke jakar kowane makaniki aka auna tun farko, da ba a sayi wancan katin ba.

Kafin a mayar da komai, haska allon baya da tocila. Ƙafa guda da ta lanƙwashe ta taɓa maƙwabciyarta tana ba da alamomi iri ɗaya, haka ma idan an cire abin toshe ƙarshen bas, mai hana sigina dawowa baya, ba a mayar ba. Goge bakin kati da giyar isoprofil kawai, ban da sanfefa.

Canza katin layukan waje kawai bai wadatar ba, don tsawar damina ce ta biyo layin waje. A allon rarraba wayoyi na tarar masu tare tsawa sun yi baƙi, wayar ƙasa kuma ta ci tsatsa ta rabu da sandarta. Na canza su, aka kafa sabuwar sandar tagulla, na tabbatar turjiyar wayar ƙasa ta sauko ƙasa da ohm 5 kafin na yarda aka haɗa layukan waje.