Sojan da bai kai babban yatsa ba

Sojan da nake magana a kansa tsawonsa milimita 28 ne, wasu kamfanonin kuma sun ƙara masa ya kai 32. Ko tsawon babban yatsanka bai kai ba. Amma a jikin wannan ɗan mitsitsin abu akwai hular kwano, akwai ɗamara, akwai jaka da maɗaurin bindiga da maɓallai, wani ma in ya wage baki har haƙoransa sai ka ƙirga. Ana ƙera su ne don wasannin yaƙi na kan tebur irin su Warhammer, da wasannin labari irin su Dungeons & Dragons, kuma galibi ba a fente suke zuwa ba. Roba ce ruwan toka, gunduwa-gunduwa a maƙale jikin firam. Kai za ka yanko, ka harhaɗa, ka ba shi launi.

Duk wanda ya zo mini da sojansa na farko, tambayarsa ɗaya ce: ya ake yi hannu ya daina rawa? Ni kuwa a ganina rawar hannu ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce abu ƙarami ba ya yin inuwar kansa. Dubi rigar da ke jikinka. Inda ta naɗe, lungun ya yi zurfin da haske ba ya isa ciki, shi ya sa wajen ya yi duhu ba tare da kowa ya fenta shi ba. A jikin ɗan soja wannan naɗin ko milimita ɗaya bai cika ba, hasken ɗaki ya cika shi tam. In ka shafa masa ja ɗaya tak daga wuya zuwa ƙafa, ko da ba ka tsallake layi ko guda ba, abin wasan yara zai fito. Inuwar da hasken duk kai za ka sa su da burushi, kuma sai ka zarce inda idonka ya ce maka ya isa, domin ba a tafin hannu za a kalle shi ba. A kan tebur za a kalle shi, daga nisan kamar mita ɗaya, cikin 'yan uwansa ashirin ko talatin, mai kallon kuma hankalinsa na kan dayis da tef ɗin awo.

Kafin a kai ga launi akwai aikin da ba mai son sa. Kowane gunduwa daga mazubi mai ɓari biyu ya fito, kuma inda ɓarin biyu suka haɗu akwai wani siririn layi da ya zagaye jikinsa. A kan roba tsirara da ƙyar za ka gan shi. Bari fenti ya hau, sai ka ga ya miƙe zar daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Da bayan 'yar wuƙa nake kankare shi, ba da kaifin ba, don kaifin yakan ci jikin sojan. Gam kuma ya danganta da abin da aka zuba sojan da shi. Sojojin da, irin waɗanda aka yi wasan Warhammer da su lokacin da kamfanin Games Workshop ya fitar da shi a 1983, yawanci na ƙarfe ne mai dalma, sai a shekarun 1990 aka koma gaurayen kuza marar dalma. Yau mafi yawa roba ce, sai kuma rezin, wani sinadari da ake zubawa yana ruwa-ruwa ya daskare ya yi tauri. Gam ɗin roba narka fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya, saboda haka a kan ƙarfe ko rezin ba ya kamawa ko kaɗan, su sai Super Glue. Rezin kuma a wanke shi da ruwan sabulu tukuna, akwai maiƙon da ake shafa wa mazubi wanda ke hana fenti zama, kuma in za a goge shi a jiƙa shi, ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce.

Daga nan sai shafen farko, wanda yake ba fenti abin kamawa. Mafi sauƙi shi ne na gwangwanin feshi: ka girgiza shi sosai, ka tsaya nesa da kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, ka riƙa fesawa kana wucewa. Baƙi yana rufa wa mai koyo asiri, duk lungun da burushi bai kai ba sai ya zama inuwa. Fari yana fito da launi rangaɗau, sai dai duk inda ka manta sai ya tona ka. Ni nakan haɗa su: in fesa baƙi ko'ina, sannan in ɗan fesa fari daga saman kai kawai, daga inda rana take in ta take tsaka. Kafin in taɓa burushi sojan ya riga ya nuna mini inda haske zai sauka: saman kafaɗa, doron hanci, kan gwiwar da ta turo gaba. Nakan ɗauki hotonsa a waya a wannan matakin, don in launi ya rufe shi in sami abin dubawa.

Fentin da ake amfani da shi akirilik ne, wato garin launi a cikin ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin roba. Ruwan ya bushe, robar ta haɗe ta zama fata, daga nan ruwa ba ya sake narka shi. Yadda yake fitowa daga kwalba, ko na kamfanin Citadel ne ko na Vallejo ko na Army Painter, ya yi kauri da yawa ga abu mai wannan ƙanƙanta. Shafa ɗaya mai kauri ta isa ta cike ramin ido ta shafe maɓalli. Duncan Rhodes, wanda ya daɗe yana koyar da fenti a bidiyon Games Workshop, da wannan nasihar aka san shi har ta zama abin tsokana tsakanin masu fenti: shafa biyu marasa kauri. Gaskiya ya faɗa. Shafar farko za ta fito da dabbare-dabbare, shafen ƙasa yana leƙowa, ranka zai ce ka koma ka ƙara tun bai bushe ba. Kar ka koma. Burushi in ya bi ta kan fentin da ya fara bushewa yage shi yake yi, ya bar gurbin da sai an kankare. Ka wuce wani sashen, ka dawo bayan 'yan mintuna. Rawaya da fari su ne masu taurin kai, wani lokaci sai shafa huɗu.

Ruwa nawa za a sa? Kowa zai ce maka ya yi kamar madara, kuma ba laifi a fara daga nan, amma kowane launi da halinsa, masu launin ƙarfe ma ba sa son ruwa da yawa don ƙyalƙyalinsu watsewa yake yi. Ido ba mudu ba, ya san kima. Ni a bayan babban yatsana nake gwadawa: in layin ya bi zanen fata ya bazu, ruwa ya yi yawa, in ya tashi tudu yana nuna sawun gashi, da saura. Abin da ya fi taimaka mini a nan shi ne jiƙaƙƙen faranti, kuma ba sai ka saya ba. Ƙaramin mazubi mai murfi, soso marar kauri da aka jiƙa, sai takardar gashin burodi a shimfiɗe a kai. Danshi yana ratsowa ta takardar, fentin da zai bushe cikin minti biyar a busasshen faranti sai ya kai ka ƙarshen zama.

Batun burushi, masu farawa kullum sai su nemi mafi ƙanƙanta, mai lamba 000, suna ganin ƙaramin aiki sai ƙaramin burushi. Wannan ɗan gashin ba ya riƙe ruwa, kafin ka kai shi jikin soja fentin ya bushe a bakinsa. Tsinin baki ake nema, da ciki mai ɗaukar fenti, shi ya sa lamba 1 ko 2 mai kyau ta fi shi ko a wajen ido. Waɗanda aka fi yabo, irin su Winsor & Newton Series 7 da Raphael 8404, da gashin jelar wata 'yar dabbar daji ta Saiberiya ake yin su. Ba na ba mai koyo shawarar ya fara da su. Ya fara da na gashin roba, ya koyi abu ɗaya: kada fenti ya haura har cikin ƙarfen da ya riƙe gashin. In ya bushe a can sai gashin ya tsage gida biyu, kuma ba ya komawa daidai. Rawar hannun da ake kuka da ita kuwa, ka liƙa sojan a kan murfin kwalba, ka kafa gwiwoyin hannu a tebur, ka haɗa gindin tafukanka biyu. Hannayen ba su daina rawa ba, amma yanzu tare suke yin ta.

To, mu ɗauki alkyabba ja mu bi ta. Shafa biyu na ja mai duhu, a bar ta ta bushe. Sai ruwan inuwa, wani fenti tsararo da aka yi don ya gangara cikin lunguna. A na Citadel, Nuln Oil baƙi ne, Agrax Earthshade ruwan ƙasa, kuma a kan ja na fi son na biyun. Ka ja shi cikin kowane naɗi da bakin burushi. In ya taru ya yi tafki a fili, ka tsotse shi da busasshen burushi nan take, in ba haka ba zai bushe ya bar zobe. Ba shi kusan rabin awa. Yanzu alkyabbar ta yi dauɗa, kuma daidai ne ta yi. Ka dawo da jan farko a kan tudun kowane naɗi, ka bar lungun da duhunsa. Sai ja mai haske a kan rabin wannan tudun, ta ɓangaren sama. Sai ka ɗiga ruwan goro a cikin jan, ka ja siririn layi a kan ƙololuwar naɗin da bakin alkyabbar, da gefen burushi, ba da tsininsa ba. Kada ka haskaka ja da fari, ruwan hoda za ka samu. A nan ne mai koyo yakan tsorata, ya ga ruwan goro ɓaro-ɓaro a kan ja ya ce ya ɓata. Miƙa hannunka iya tsawonsa ka sake duba. Ruwan goron ya ɓace, abin da ya rage yadi ne mai nauyi da haske ya faɗa a kansa. In a wannan nisan alkyabbar ta koma ja ɗaya, to ba ka kai ba, ƙara duhu a ƙasa, ƙara haske a sama.

Wurare masu kaushi, gashin dabba, sulken sarƙa, duwatsu, ba sa buƙatar wannan wahalar. Tsohon burushi, ɗan fenti mai haske, ka goge shi a takarda har ka ga kamar ba sauran komai, sannan ka riƙa kaɗa shi a kan wurin. Tudun kawai yake kamawa.

Ido kuwa, ra'ayina ba kowa ke so ba: sojan sahu bai buƙatar ido. Ɗan duhu a ramin ya wadatar, don ko mutum na gaske in ya yi nisan da zai koma wannan girman ba ka ganin farin idonsa. Jarumin da ke jagorantar runduna shi nake yi wa, kuma tun kafin in gama fuskar: duhu a ramin, ɗan layin fari mai dishi-dishi a kwance, sai baƙin layi a tsaye wanda ya taɓa sama da ƙasa, sannan in gyara gefen da launin fata. In ka ɗiga baƙin a tsakiya fari ya kewaye shi, za ka sami jarumi mai zare ido kamar ya ga abin tsoro. Lokacin da ido zai ci gara ka kashe shi a kan gindin da sojan ke tsaye. Ɗan yashi da gam, launin ƙasa, busasshen burushi, tsiron ciyawa guda, sai baƙi a zagaye bakin gindin. Minti goma ne, amma shi ke sa runduna ta zama runduna ɗaya.

A 2019 Citadel ta fito da fentin Contrast, Army Painter ta biyo da Speedpaint a 2022. Shafa ɗaya a kan farin shafen farko, ya taru a lungu ya yi duhu, ya janye daga tudu ya bar haske. Wasu tsofaffin hannu suna yi masa kallon ha'inci. Ni ban ga ha'inci ba, ina amfani da shi a kan fata da gashi da yadi mai naɗi da yawa, kuma kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Inda yake ba da kunya shi ne fili mai santsi, kamar faffaɗan sulken kafaɗa ko jikin tanka, nan sai ya yi dabbare. Kuma shi lungu kawai ya sani, bai san daga ina haske yake zuwa ba, saboda haka ƙasan hannu da saman hannu duk ɗaya yake yi musu sai in ka riga ka shirya masa da feshin baƙi da fari.

Abin da ya fi kashe wa masu koyo gwiwa, a lurata, hotuna ne. Gasar Golden Demon, wadda Games Workshop ke shiryawa tun 1987, ana ba gwarzonta takobi na gaske, kuma ayyukan da ake kaiwa can wasu watanni ake yi a kan guda ɗaya. Akwai masu zana ƙyallin ƙarfe da toka da fari da shuɗi kawai, ba ɗigon fentin ƙarfe, ka rantse takobin yana walƙiya. Wannan don akwatin gilashi da kyamara aka yi shi. Naka hannu zai ɗauke shi sau hamsin a wasa ɗaya, dayis zai buge shi, zai faɗi ƙasa. Shi ya sa nake cewa a ajiye jarumin nan mai tsada a gefe, a jera sojojin sahu biyar ko goma, a bi su launi-launi: duk wanduna, sannan duk takalma, sannan duk bindigogi. Kafin ka gama na ƙarshe na farko ya bushe, hannunka kuma ya maimaita motsi ɗaya har ya saba. Wanda bai yi maka ba, in na roba ne ko ƙarfe, ka jiƙa shi a sinadarin isopropyl ka goge da tsohon burushin haƙori, fentin zai sauka. Rezin ne ba ya jure daɗewa a ciki.

In an gama sai shafen kariya marar sheƙi, musamman a kan na ƙarfe, don su fentinsu ya fi saurin ɓarewa a gwiwa da bakin takobi. Kada a fesa shi ranar da iska ke da danshi sosai, yakan bushe da wani farin hazo da zai dusashe aikin gaba ɗaya. Nakan fara gwada shi a kan guntun firam da na shafa wa baƙi, in jira ya bushe, sannan in juya kan sojojin. Yana kuma kashe ƙyallin fentin ƙarfe, don haka bakin takobi da kan bindiga sai bayan ya bushe nake sake bi musu da ɗan azurfa.