Numfashin ƙasa a wata gona bayan Ringim

'Yar yayata ce ta ja ni wannan tafiya. Kimiyyar ƙasa take karanta, babanta kuma ya ce ba za ta shiga ƙauye ita kaɗai ba, sai da kawu. Muka bar Kano bayan asuba, muka wuce Ringim. Da muka iso Majiya, inda tankar mai ta kama da wuta a watan Oktoba na 2024 ta ci mutum fiye da 150, motar ta yi tsit, wani dattijo ya yi wa mamatan addu'a.

Gonar da muka nufa tana bakin titi. Wata tanka ta taɓa kifewa a wurin, fetur ya nutse. Mai gonar bai ja gaisuwa ba.

"Malama, man nan ƙarewa yake yi, ko rijiyarmu ya nufa?"

"Baba, abin da na zo tambayar ƙasar ke nan."

Tana haƙa tana yi mana bayani. Sinadarin kabon da ke cikin fetur iri biyu ne: kabon-12 mara nauyi, kusan kashi 99 cikin 100, da kabon-13 mai nauyi, kashi 1 da ɗoriya. Ƙwayoyin halittar da ke cin mai a ƙasa sun fi saurin cinye mara nauyin, kamar akuyar da ke fara cin ganye ta bar kara. Saboda haka in ana cin man, abin da ya rage sai ya ƙara nauyi. In kuwa ruwa ne kawai ya kwashe shi, awon ba ya wani motsi.

Abin da ya fi burge ni shi ne gero. Ashe gero da dawa sun fi fetur kabon-13, don haka iskar da ƙasa ke fitarwa tana nuna ko kara ne ke ruɓewa ko mai. Ni da na girma a kan fura ban taɓa zaton gero zai ba da shaida ba.

Ta cika kwalabe, ta ɗebi ruwan rijiyar, ta roƙi Baba su daina sha sai sakamako ya fito. Ya ce to, amma fanfon burtsatsen yana da nisa. Ƙanƙarar kularmu ta fara narkewa, muka yi sallama a gurguje, ya cusa mini gyaɗa a aljihu.