Tarihin Rayuwar Jung Ho-yeon, Kashi na Biyu: Daga Jan Gashi Zuwa Lamba 067

Makon jiya mun rabu da Jung Ho-yeon, mai tallan tufafin da daga baya ta yi suna a shirin Squid Game, a shekarar 2013, tana 'yar shekara 19, ta fito daga gasar talabijin ta masu tallan tufafi ta ƙasar Koriya ta Kudu a matsayi na biyu, bayan an taɓa sallamar ta tun gasar ba ta yi nisa ba, aka sake dawo da ita. Wanda kashin farko ya wuce shi, ga abin da zai riƙe: an haife ta ranar 23 ga Yuni, 1994, a unguwar Myeonmok-dong ta birnin Seoul, iyayenta masu gidan abinci ne, kuma tun tana 'yar shekara 16 take hawa dandamalin baje kolin tufafi, ita kaɗai take nema wa kanta aiki, sai a 2012 kamfanin ESteem ya ɗauke ta.

Bayan gasar, sunanta ya zauna a gida. Mujallun ƙawa na Koriya suna buga hotunanta, masu ɗinki suna nemanta. Da ta ga dama da ta tsaya nan ta ci abincinta cikin rufin asiri. Amma a 2016 ta sa hannu da kamfanin The Society Management na Amurka, ta haɗa kayanta ta nufi New York.

Kafin ta tashi ta rina gashinta ja, ja wur irin na garwashi. Wannan shawara ƙarama ce a ido, amma ita ta buɗe mata ƙofa. A birnin da 'yan mata ɗaruruwa ke bin layi ɗaya suna neman aiki ɗaya, dogaye, sirara, duk sanye da baƙaƙen kaya, mai zaɓe ba ya riƙe suna, abin da ya tsaya masa a ido yake riƙewa. Cikin ɗan lokaci aka san ta da “'yar Asiyan nan mai jan gashi”. A kakar nan ta 2016 ta hau dandamali a New York, sannan a Paris kamfanin Louis Vuitton ya keɓe ta wa kansa, ma'ana a makon baje koli na birnin babu wani gidan ɗinki da za ta saka wa kaya sai shi. A wannan sana'a, sabuwar fuska ba ta samun abin da ya fi wannan. Daga nan manyan gidaje irin su Chanel da Fendi suka biyo baya, kuma zuwa 2018 sunanta ya shiga jerin masu tallan tufafi hamsin da shafin Models.com ke lissafawa a matsayin na gaba a duniya.

Na san cikin masu karatu akwai waɗanda wannan sana'a ba ta kwanta musu a rai ba, kuma ban zo in tallata wa kowa ita ba. Al'adarsu daban, tamu daban. Sai dai ba za a fahimci abin da matar nan ta yi daga baya ba sai an san yadda rayuwar take daga ciki.

Sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, ake yin zagayen manyan birane huɗu: New York, Landan, Milan, Paris, mako bayan mako. Mai talla za ta tashi da safe da jerin adireshi a wayarta. Ta je wuri na farko, ta zauna a bakin ƙofa tare da wasu, wani lokaci awa guda ko fiye. A kira ta, ta miƙa katin da ke ɗauke da hotonta da awon jikinta, a ce ta taka zuwa bango ta dawo. Ta taka. A ce an gode. Ba za a faɗa mata ko an ɗauke ta ba, balle a faɗa mata dalilin da aka ƙi. Ta fita ta nemi adireshi na biyu. Idan an dace an ɗauke ta, za ta shafe awanni ana gyara mata gashi da fuska saboda takun da bai kai minti ɗaya ba, kuma a kan dandamalin ba a son ta yi murmushi, ba a son fuskarta ta ce komai, domin rigar aka zo kallo. Da dare ta koma ɗakin otel, a garin da ba ta san kowa ba, lokacin da iyayenta a Seoul ko suna barci ko suna tsakiyar aiki. Hausawa suka ce baƙo ko da ido makaho ne, to ita baƙuntar ta zama mata sana'a, ba ta gama sanin gari ba sai jirgi ya ɗauke ta zuwa wani.

Ita da kanta ta sha faɗa a hirarraki cewa kaɗaicin waɗannan shekaru ne ya tura ta ga kallon finafinai da karatun littattafai, a jirgi da ɗakunan otel, kuma a nan sha'awar wasan kwaikwayo ta shige ta. Ta kuma faɗi wani abin da ba kowace mai suna ke yarda ta faɗa ba, cewa ta fara ganin aiki yana ja da baya. Fuskar mai talla kamar kayan gwari take a kasuwa, ta yau ake rububi, gobe an sauke sabo. Jan gashin da ya ɗaga ta ya zama abin da ido ya saba da shi. Sai ta riƙa amfani da hutunta, duk lokacin da ta koma gida, tana zuwa koyon wasan kwaikwayo, tana kuma gyara Turancinta.

A farkon 2020 ta shiga kamfanin Saram Entertainment, mai kula da 'yan wasa a Koriya. Ba ta daɗe ba, tana New York don makon baje koli na Fabrairu, kamfanin ya aiko mata da wasu shafuka na wani labari, aka ce ta ɗauki kanta a bidiyo tana wasan ta turo da gaggawa. Ba ta taɓa fitowa a wani shirin kwaikwayo ba. Ta rufe kanta na kwana uku tana bitar layukan, barci sai ɗan abin da ba a rasa ba, ta ɗauka ta tura. Amsar da ta dawo ita ce darakta yana son ganinta ido da ido. Ta bar sauran ayyukan da ke gabanta ta hau jirgi zuwa Seoul.

Daraktan shi ne Hwang Dong-hyuk, shirin kuma Squid Game. Shi ma yana da nasa tarihin jira, domin tun wajen 2009 ya rubuta labarin, ya yi shekara goma ana ƙi, ana cewa ya cika zubar da jini kuma ba zai yiwu a gaske ba, har Netflix, mai nuna finafinai ta intanet, ta karɓa. Labarin mutum 456 ne da bashi ya yi wa katutu, aka tara su a wani tsibiri suna wasannin yara don cin won biliyan 45.6 na kuɗin Koriya ta Kudu, wanda ya faɗi a wasa kuma a kashe shi. Tun nan ina jan kunnen iyaye, sunan wasan yara ne a kansa amma ba shirin yara ba ne ko kaɗan.

Matsayin da aka ba ta shi ne Kang Sae-byeok, mai lamba 067, budurwar da ta tsero daga Koriya ta Arewa. Domin a gane nauyin wannan matsayi, sai an san cewa irin su Sae-byeok suna nan a zahiri. Fiye da mutum dubu talatin ne suka tsero daga Arewa suka isa Kudu, kuma mafi yawansu mata ne. Iyakar da ke tsakanin ƙasashen biyu ba ta ƙetaruwa, cike take da sojoji da nakiyoyi, don haka yawancinsu kogin Tumen ko Yalu suke ratsawa su shiga China, inda idan aka kama su ake mayar da su. Daga can dillalai ke bi da su ta wata ƙasa, a kan kuɗi masu yawa. Idan sun isa Kudu, sai a tantance su, a kai su cibiyar Hanawon da gwamnati ta buɗe a 1999, su yi kimanin wata uku ana koya musu yadda ake amfani da banki da neman aiki da hawan jirgin ƙasa. Bayan nan a sake su cikin al'ummar da ke magana da harshensu amma tana gane su da zarar sun buɗe baki.

A cikin labarin, mahaifin Sae-byeok ya mutu a hanyar tserewa, an kama mahaifiyarta an mayar, ƙanenta yana gidan marayu, ita kuma tana yankan aljihu tana tara kuɗin da za ta biya dillali ya fito mata da uwarta. Ho-yeon 'yar Seoul ce gaba da baya, don haka sai da ta zauna da malami ta koyi karin harshen yankin Hamgyong na Arewa. Ta kalli shirye-shiryen gaskiya a kan rayuwar waɗanda suka tsero. Ta kuma buɗe littafi tana rubuta abin da ya faru kowace rana da bakin Sae-byeok, kamar ita ce. Akwai wata dabara da wanda ba ya jin harshen Koriya zai wuce bai lura ba: a gaban mutanen Kudu, Sae-byeok da karin Seoul take magana don ta ɓoye asalinta, sai ta zauna da ƙanenta harshen gida ke fitowa. Wannan ɗan sauyi ya faɗi halin da mutanen nan ke ciki fiye da dogon jawabi.

An ɗauki shirin a 2020, cikin tsananin annobar korona. Farkon aikin bai zo mata da sauƙi ba. Ga ta a gaban gogaggu irin su Lee Jung-jae, wanda ya fara fim tun a shekarun 1990, ita kuma ko zaman karanta labari tare da 'yan wasa ba ta taɓa yi ba. Ta faɗi cewa tsoro ya kama ta har muryarta na rawa, sai da ta nemi zama da darakta, shi kuma ya kwantar mata da hankali cewa ya zaɓe ta ne domin ya riga ya ga Sae-byeok a jikinta.

A ganina abin da ya gani shi ne abin da shekarun otel da layin jira suka gina. Sae-byeok ba ta yarda da kowa, ba ta yawan magana, tana tsaye a gefe tana auna mutane da ido. Wanda aka horar a makarantar wasan kwaikwayo yakan so ya nuna, ya motsa gira, ya karya murya. Ho-yeon ta yi shekara goma ana koya mata ta tsaya cak a gaban kyamara fuskarta ba ta ce komai ba, ta kuma san zaman baƙo a garin da ba a damu da shi ba. Abin da ya rage mata shi ne ta bari a ga ɗan abin da ke ƙarƙashin shirun, kuma ta yi hakan daidai gwargwado.

Inda wannan ya fi fitowa shi ne kashi na shida na shirin. An ce kowa ya zaɓi abokin wasa, sai bayan an zaɓa aka bayyana cewa cikin kowane biyu ɗaya ne zai fita da rai, wasan kuma na 'yan ƙwallayen gilashi ne. Sae-byeok ta faɗa hannun Ji-yeong, mai lamba 240, wadda Lee Yoo-mi ta fito a matsayinta. Sauran mutane suna ta ihu da ha'inci, su biyun suka zauna a kan matakala suna hira, suka bar wasan sai minti na ƙarshe. Ji-yeong tana tambaya, Sae-byeok tana amsawa a gajarce, kallonta a wani wuri. Ta ce idan ta fita za ta kai iyalinta tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, domin ta taɓa ganinsa a talabijin. Da lokaci ya yi, suka yarda kowa ta jefa ƙwallo ɗaya, wadda tata ta fi kusa da bango ta ci. Sae-byeok ta jefa tata da gaske. Ji-yeong ta saki tata a gaban ƙafarta. A nan fuskar da ta yi kashi biyar a daskare ta fashe, Sae-byeok ta cakumi wuyan rigar yarinyar tana mata tsawa ta sake jefawa, hawaye na zuba. Da a ce tun farkon shirin take kuka, da wannan wuri bai girgiza kowa ba. Ni dai ban san wani wuri a shirin da ya kai shi ba, kuma mata biyu ne zaune kawai suna magana.

Ba zan ce wasanta babu gyara ba. A wasu wuraren, musamman inda magana ta yi tsawo, ana jin sabunta a muryarta, kuma a Koriya ma an yi muhawara a kan ko karin Arewan nata ya zauna. Amma matsayin ya dace da ita har ya ɗauke mata nauyin abin da ba ta riga ta ƙware ba.

Ranar 17 ga Satumba, 2021, Netflix ta saki shirin, kashi tara. Cikin kwana 28 na farko an kalle shi na awa biliyan 1.65, abin da babu shirin kamfanin da ya taɓa yi kafin nan. Kafin fitowarsa mabiyan Ho-yeon a Instagram kimanin dubu 400 ne. Cikin 'yan makonni suka haura miliyan goma, daga baya suka wuce miliyan 20, ta zarce duk wata 'yar wasan Koriya a shafin. A watan Oktoba, Louis Vuitton, gidan da ya keɓe ta shekara biyar baya tana sabuwar fuska, ya naɗa ta jakadiyarsa ta duniya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga 2022: bangon mujallar Vogue ta Amurka, daren da aka kira sunanta a bikin lambar yabo ta ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta hau tana kuka da ƙyallen gargajiyar Koriya a gashinta, da kuma yadda wannan suna na farat ɗaya ya taɓa lafiyarta.