Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a zaman janfarcen gidanmu

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa da abokan arziki.

Yaba kyauta tukuici. Biki ya tashi lafiya, amarya tana ɗakinta, baƙin nesa sun isa gida. Taubashiyata kuma, ɗiyar Goggo, wadda hannunta ya tayar mana da hankali ana dab da kamu, ta samu sauƙi har ta dawo da tsokanar da ta saba. Mutane da yawa sun kira suna jaje, wasu ma labarin ya iso musu da ƙarin gishiri, wai asid ne ya zube mata. Ba asid ba ne. Bari in faɗi yadda aka yi, in kuma gode wa kowa a fili, tunda a fili aka taimake mu.

Ƙawayen amarya ne suka kawo shawarar a yi zaman gwajin janfarce a gidanmu na Gwammaja tun ba a shiga hidima ba. Sun fitar da anko shuɗi mai ratsin ruwan gwal, kowacce tana son farcenta ya tafi da shi ranar dina, kuma ba mai son ta miƙa hannu ranar biki a shafa mata launin da ba ta taɓa gani a fatarta ba. Da yake ni ce mai ɗan taɓa harkar a gidan, sai aka ɗora min.

Umma, godiyar farko taki ce. Ba falon da kika ba mu ne babban abu ba, haƙurin da kika yi da turaren wuta na wuni guda shi ne abin a yaba, wanda ya san ki ya san ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Autarmu, mai karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Bayero, ita ta hango kaskon a bayan ƙofa ta ce, "Umma, don Allah a fitar da garwashin nan kafin a buɗe kwalaben." Ta yi mana bayani cewa asiton, wato ruwan da ake goge janfarce da shi, saurin tashi gare shi, a zafin digiri 56 kawai yake tafasa, tururinsa kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, kuma wuta yake kamawa. Mu kuwa ga mu zube a ƙasa kan kafet, ga auduga ko'ina. Aka fitar da kasko tsakar gida, aka buɗe tagogi. Auta ba ta tsaya nan ba, sai da ta ƙara mana da cewa shi janfarcen ɗan uwan fentin mota na da ne, sinadari ɗaya ke sa su bushe su yi ƙyalli, daga can aka ɗauko dabarar a shekarun 1920, kamfanin Revlon kuma da janfarce ya fara kasuwa a 1932. Hajiya Kaka na daga kan kujera tana jan carbi ta ce, "Au, ashe fentin mota kishiyoyin nawa ke shafawa don su ƙwace min miji? To a yi dai mu gani."

Anti, matar Yaya Babba, Allah ya saka miki. Ke kika karɓo ƙyallen ankon a wajen tela, kika shiga da shi kasuwar Sabon Gari cikin rana, kina fito da kowace kwalba bakin shago ki kara ta da ƙyallen, domin launin da fitilar shago ke nunawa daban yake da na hasken rana. Kika kuma ƙi ɗaukar duk kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC ko wadda ruwanta ya rabu biyu, komai arharta. Daga nan kika biya Ƙofar Wambai kika sayo cokulan roba farare. Wannan dabarar ban taɓa ganinta ba sai a wajenki: a shafa kowane launi a bayan cokali, a rubuta lamba a hannunsa, a rubuta lambar a gindin kwalba. Bayan cokali yana da lanƙwasa irin ta farce, sai kowacce ta ɗauka ta ɗora a yatsanta ta duba. Da haka aka zaɓi launi ba tare da an yi ta shafawa ana gogewa har fata ta bushe ba.

Zaman ya yi daɗi, ba ƙarya. Abin da na fi nanata wa 'yammatan shi ne siririn shafi. Mutum ya ɗebo da yawa don ya gama da wuri, sai sama ya bushe ƙasa na ɗanye, ya kwana ya tashi da zanen zanin gado a farce. A fara da farin ruwan nan na ƙasa, musamman in ja ko shuɗi mai duhu za a sa, don kada farce ya rine. A bi da launi sau biyu, siriri siriri, a ja burushi a bakin farcen ya rufe shi, sannan a ɗora mai ƙyalli. Kwalba ba a girgiza ta, murza ta ake a tafin hannu, in ba haka ba kumfa za ta fito. Ɗigo-ɗigo da tsinken sakace muka yi, ratsi kuma da salatif, irin yadda masu ƙunshi ke yi wa jan lalle, sai dai shi a nan tun launin na ɗanye ake ɗage salatif ɗin.

Wanda ya fi tara mutane shi ne na kan ruwa. Kofi aka cika da ruwan da ba sanyi ba zafi, aka ɗiga shuɗi a tsakiya, ya baje ya zama zobe. Aka ɗiga fari a tsakiyar zoben, aka sake shuɗi, aka sake fari, har zobba suka jeru. Sai na ja bakin tsinke daga gefe zuwa tsakiya, a hankali, zobban suka lanƙwashe suka zama ganye-ganye. Babbar ƙawar amarya, wadda aka riga aka shafe mata gefen yatsa da basilin, ta kifa farcenta a kai ta nutsa, na kwashe ragowar da ke yawo a saman ruwan, ta ɗago. Zanen ya fito sak rinin Ƙofar Mata. Falo ya ɗauki shewa. Amma gaskiya aiki ne mai cin janfarce, kuma in aka yi jinkirin daƙiƙa kaɗan sai ya yi fata a kan ruwan ya ƙi jawuwa. Na kallo ne da ɗaukar hoto, ba na mutum goma masu jiran mota ba.

Malamarmu ta Islamiyya, mun gode ƙwarai. Gaisuwa kika shigo yi wa Umma, muka tare ki da tambayar da kowa ke ta kewayawa. Kika faɗa ba tsawa ba kunyatarwa: lalle launi ne kawai, ruwa na ratsa shi, alwala da wanka sun yi. Janfarce kuwa jiki gare shi, yana hana ruwa taɓa farce, dole a cire shi kafin alwala. Mai fashin sallah ta sa abinta. Mai sallah kuma, in dina za ta je, ta yi Magariba da Isha'i ta shafa, ta goge kafin alwalar Asuba. Da aka tambaye ki irin wanda ake tallarsa cewa ruwa na wuce shi, wanda kamfanin Inglot na ƙasar Foland ya yi suna da shi, kika ce malamai sun saɓa a kai, amma ke ba za ki jingina sallarki da tallar kamfani ba.

A nan ne ni ma zan faɗi ra'ayina a kan jel, wanda ake busarwa da fitila. Duk abin da ake yabonsa da shi shi ne yana mako biyu zuwa uku bai ɓare ba. To macen da ke alwala sau biyar a rana me za ta yi da mako uku? Ko mai fashi, kafin ya fara tsufa lokacin wanka ya yi. Cire shi kuma ba gogewar minti ɗaya ba ce, sai an kankare samansa, an jiƙa auduga da asiton an naɗe yatsu na minti 10 zuwa 15. Ba don rayuwarmu aka yi shi ba. Taubashiyata dai jel ta ce tana so, don ta saba yi a shago in ta yi tafiya, da kayanta ma ta zo, fitila da kwalabe. Ana cikin busar da hannunta na biyu aka ɗauke wuta. Baba Alhaji maƙwabcinmu, da jin hayaniyarmu ya sa yaronsa ya tayar da janareta aka jawo mana waya ta katanga, aka ƙarasa. Kowa ya yaba, aka ci gurasa bandashe da zoɓo aka watse.

Sai bayan kwana biyu abin ya bayyana. Ƙaiƙayi ya fara daga gefen farce, ƙuraje masu ruwa suka feso a kan yatsu, fatar idonta ta kumbura saboda tana kai hannu wajen. Cikin dare Goggo ta kira tana salati.

Maƙwabciyarsu nas, ban san da wane baki zan gode miki ba. Kin fito a wannan tsohon daren, kin hana a shafa man zafi da toka da duk abin da masu ba da shawara suka kawo, kin hana a ɓamɓare jel ɗin da ƙarfi. Ke kika zauna kika cire shi yatsa bayan yatsa, kika ce da safe a nemi likitan fata, kada a tsaya kemis. Baba Alhaji, kai ne dai ka sake ba da mota da direba, ka ƙi karɓar ko kuɗin mai. Allah ya ƙara girma, ya raya zuri'a.

Likita, Allah ya biya ki. Bayan magani, kin zauna kin fahimtar da mu, abin da ba kowa ke da lokacinsa ba. Ga abin da na riƙe, don masu sayen kayan jel su yi a gida su ji. A cikinsa akwai sinadarai, mafi shahara shi ne HEMA, waɗanda in sun taɓa fata suna ɗanye, ko fitila ba ta busar da su sosai ba, jiki kan fara ƙin su a hankali. Mutum zai yi sau da yawa lafiya lau, rana ɗaya jiki ya ce ya isa, kuma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya nuna. In ya ƙi, ya ƙi ke nan har abada. Ba a farce abin ya tsaya ba, domin dangin sinadaran nan ana amfani da su a cikon haƙori da wasu ayyukan ƙashi, don haka duk ranar da taubashiyata za ta ga likitan haƙori sai ta faɗa masa. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka a 2018, ta sake a 2023, Tarayyar Turai kuma ta taƙaita kayan farce masu HEMA ga ƙwararru kaɗai. Farcenta biyu da suka ɗaga daga nama sai dai haƙuri, farcen hannu kusan milimita 3 yake tsiro a wata, sai an ba shi kamar wata shida kafin sabo ya gama maye gurbi. Likita ta kuma ce kada ta kusanci baƙin lallen da ake haɗawa da dayis a bikin nan, don shi ma yana da nasa sinadarin, PPD, mai ƙona fata.

Wannan maganar ce ta sa muka sauya tsarin ƙunshin gaba ɗaya. Mai ƙunshinmu, na gode da ba ki ɓata rai ba da aka ce a rage baƙi a ƙara ja. Lallen gargajiya aka kwaɓa, amarya ta kwana da shi, farcenta ya kama ya yi jawur, ta yi sallolinta ba tunanin gogewa, kuma a hotuna ba wanda hannunsa ya kai nata. Ƙawaye suka sa shuɗinsu da ɗigon gwal bayan Isha'i ranar dina, kowacce da 'yar kwalbar gogewa a jaka. Hajiya Kaka ta samu abin faɗa, har yau tana ba mu labarin zunguru.

Goggo, ke ce ƙarshe a jeri amma ba a zuciya ba. A gidanmu abin ya faru, ana tsakar hidima, ga masu zuga ta ko'ina. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki bari maganar ta zama ta dangi ba, kika ce tsautsayi ne, kika ɗaura ɗankwali kika shiga dafa abincin yini. Taubashiya, ke kuma da kika zo kamu da yatsu a naɗe kina cewa sabon yayi ne, Allah ya ƙara lafiya, bashin tsokana na nan zan biya.

Sauran da ban ambata ba, masu kira, masu addu'a, masu aiko da alkaki da dubulan, da ƙannenmu maza da aka yi ta aike har suka gaji, ku yafe ni, Allah ya san ku. Allah ya bar zumunci, ya ba amarya da ango zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Masu tambaya ko zan yi musu na Sallah: janfarce na kwalba da ɗigo da ratsi zan yi in Allah ya kai mu, ku zo da ƙyallen kayanku. Jel kam ba na yi, kada ma a zo da fitila. Wadda kuma ta manta mayafi ruwan toka da cajar waya ranar zaman, suna wajen Umma.