Wiski mai sauƙin kuɗi daban, na jabu daban

Shagona a Jos yake, abin sha nake sayarwa, sari da ɗaiɗai. Maƙwabtana Musulmi ba sa kusantar barasa, kuma muna zaune lafiya, kowa da mutuncinsa. Wannan magana ta masu sha ce da masu saye don biki.

Kwalaben nan masu tsada da ke jere a saman kanta sai su yi wata ba a taɓa su ba. Abin da ke tafiya shi ne haɗaɗɗen wiski na Sukotland, irin su Johnnie Walker Red Label da Grant's da Ballantine's Finest da Famous Grouse. Wasu 'yan gayu suna raina shi, wai gauraye ne. To ai a gaurayen gwanintar take. Iri biyu ake haɗawa. Akwai na tsiron sha'ir zalla, wanda ake dafawa a tukunyar jan ƙarfe a tara tururinsa, shi ke kawo ƙamshi da nauyi a baki. Duk wanda ya taɓa ganin mata sun jiƙa dawa ta yi tsiro kafin a dafa burukutu ya san mafarin aikin. Sai na alkama ko masara, wanda ake yi a wata doguwar na'ura da ba ta hutawa, irin wadda wani ɗan Ireland, Aeneas Coffey, ya yi wa rajista a 1830. Wannan ƙamshinsa kaɗan ne, amma yana da laushi, ga shi da arha wurin yi, shi ke sauko da farashi. Dokar Sukotland kuwa ba ta ɗaga wa mai arha ƙafa ba: sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako a cikin ƙasar, ƙarfinsa kuma kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. In ka ga an rubuta 12 a jikin kwalba, shekarun mafi ƙuruciya ne a cikin haɗin.

Kowanne da halinsa. Red Label yana da ɗan yaji a harshe, in ya wuce sai ka ji hayaƙi-hayaƙi a maƙogwaro. Hayaƙin daga wata baƙar ƙasar fadama yake, wadda suke busarwa su ƙona a gasa tsiron da ita. Shi nake ba mai son haɗawa da soda da ƙanƙara, don ba ya ɓacewa a ciki. Famous Grouse ya fi sanyin hali, da ɗan zaƙi na busassun 'ya'yan itace. Ballantine's zuma-zuma yake. Grant's, mai kwalba kusurwa uku, shi dattawa suka fi tambaya in hunturu ya kama, su ɗiga masa ruwa kaɗan, ga tsire a gefe. Ruwan nan ba asara ba ne, shi ke buɗe ƙamshin.

Wurin kawuna na koyi sana'ar, lokacin yana kai wa otal-otal kaya. Bai yarda da takardar dila ba, hancinsa ya yarda da shi. In an kawo katan, sai ya zaro kwalba daga tsakiya, ba daga gefe ba, ya ɗaga ta a rana ya duba ko ruwan ya kai daidai da na 'yan'uwanta, ya shafa murfin da babban yatsa ko zai ji gam. In ransa bai kwanta ba sai ya buɗe, ya ɗiga a tafin hannu, ya murza har ya bushe, ya miƙo min. "Shinshina, yaro." Na gaske yana barin ƙamshin hatsi da katako a hannu. Na jabu warin sifirit ɗin asibiti yake yi, nan take ya tashi, ya bar hannu yana danƙo saboda ƙonannen sukarin da aka zuba don launi.

Masu jabun nan su ne ciwon kaina. Suna bin wuraren biki suna sayen kwalaben da aka shanye, su ɗura abin da suka ga dama, su manna murfi. Akwai dilan da ya taɓa cusa min irinsu a ƙasan katan, na mayar masa da kayansa gaba ɗaya, ban sake ɗaukar wayarsa ba. Ba maganar ɗanɗano kaɗai ba ce. A 2015 mutane sun mutu a jihar Ondo bayan sun sha ogogoro mai gubar metanol, gubar da ke makantarwa in ba ta kashe ba. Shi ya sa duk kwalbar da aka shanye a wurina sai na yage takardarta na fasa murfin kafin ta fita.

Duk da haka sai mutum ya shigo ya ce, "Haba maigida, a kasuwa fa rabin wannan kuɗin ne." Nakan ce, "Yallaɓai, kayan da ya ƙetaro teku, aka biya masa kwastan, ta yaya zai fi kuɗin sarinsa arha?" Wani ya tafi ya dawo, wani ba ya dawowa.

Masu bikin Kirsimeti da ɗaurin aure su yi oda da wuri, don Disamba ne lokacin da jabu ke cika gari. Yaro ba na sayar masa, ko babansa ne ya aiko shi.