Jan furen Monarda a hanyar Blue Ridge

A ƙarshen Yuli muka tashi daga Asheville, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, muka kama hanyar Blue Ridge muka yi kudu wajen dutsen Pisgah. Hanyar kwana-kwana ce, ba a gudu, sai hazo da ke sauka ya ɗaga. Duk inda ruwa ke tsattsafowa daga jikin dutse ya jiƙa gefen titi, nan muka riƙa ganin tsiron nan mai fure, Monarda didyma, ja wur, tsayinta ya kai ƙugu ko ya ɗara.

Na sauka na duba ta da kyau. Karanta mai kusurwa huɗu ne, ganye biyu-biyu suna fuskantar juna, shaidar dangin na'a-na'a ce. Ka murza ganyen, ƙamshi mai ɗan yaji ya kama yatsu. 'Yan asalin ƙasar sun daɗe suna dafa shi kamar shayi. Furen kuwa tarin 'yan bututu ne a kan kai ɗaya. Dogon bututun ya fi dacewa da ƙaramin tsuntsun nan mai shan zaƙin fure yana tsaye a iska, ƙudan zuma sun fi zuwa wa 'yar uwarta Monarda fistulosa mai ruwan shuni-shuni, wadda ke jure busasshiyar ƙasa.

Abin da na fi lura da shi, gindinta a cikin danshi yake, samanta kuma iska na ratsawa. A lambu nan ake kuskure. Ana cusa ta wuri ɗaya, ƙasa ta bushe, sai farar fumfuna ta rufe ganye tun daga ƙasa, su zube, kara ya tsaya tsirara. Maganinsa tazarar santimita 45 zuwa 60, rana ta aƙalla awa shida, ban ruwa a gindi, da lulluɓe ƙasa da busassun ganye. Irin Monarda da ake kira Jacob Cline ya fi yawancin jajayen jure cutar.

Saiwarta rarrafe take a ƙarƙashin ƙasa, tsakiyar kan mutu gefe ya yi ta yaɗo. Don haka duk shekara biyu ko uku, da ta fara toho, a tone ta, a yar da tsakiyar, a dasa gefen. A riƙa yanke kan da ya bushe.

Da yamma muka gangara garin Cherokee, inda hanyar ta ƙare.